Kunnenmu Yana Kano, Ƙafarmu Tana Duwala

  Sharhinmu na yau a kan kiɗa da waƙa yake, amma ba faifai zan sa muku ba. Magana zan yi a kan mai son waƙar shi kansa: me yake karantawa, me yake kallo, ina kuma yake kai ƙafarsa idan an buga gangar biki a garin nan na Duwala.

Duk wanda ya hau bensikin, wato babur ɗin haya, daga Cité des Palmiers, ya kutsa cunkoson Ndokoti ya gangara New Bell, ba sai an gaya masa inda kunnen Bahaushen Duwala yake ba. Shagon tela, teburin mai suya, rumfar mai gyaran waya, ko'ina Hamisu Breaker ne, ko Umar M. Shareef, ko Nura M. Inuwa, ko Ali Jita. In ka ji Shata ko Ɗanƙwairo, to dattijo ne ke riƙe da rediyon. Waƙa za ta fito a Kano da hantsi, kafin la'asar tana cikin wayar yaro a Marché Central. Da dare kuma iyali su taru a kan Daɗin Kowa ko Labarina. Ni dai ina alfahari da wannan. Yaranmu boko da Faransanci suke yi, a titi kuma Faransanci da Fijin suke ji, don haka Hausar da ta rage a bakin da yawansu, bayan ta uwa, waɗannan waƙoƙi da finafinai ne suka riƙe ta. Allah ya saka wa masu yin su da alheri.

Sai dai kuma sauraro kaɗai ba ya cika mai son waƙa. Yawancinmu mun zama kamar mai shan ruwan rijiya shekara da shekaru bai taɓa tambayar wa ya haƙa ta ba. Muna zaune a garin da ya ba duniya kiɗan makosa, muna jin sa a motar haya da gidan maƙwabci, amma tsakaninmu da shi sai sallama. Namu makaɗan na cikin unguwa kuwa, waɗanda suka yi wa iyayenmu kiɗan aure da na suna, sunayensu a bakin tsofaffi kawai suke, tsofaffin kuma suna ta tafiya. Abin da na karanta da abin da na kalla a watannin nan ne ya sa wannan damuwa ta hana ni sakat.

Littafin da ya fi riƙe ni shi ne na Manu Dibango, Trois kilos de café, wanda ya fito a 1989. A nan Duwala aka haifi Dibango a 1933. Mahaifiyarsa tela ce, tana kuma jan mawaƙan cocinsu, can ya fara sanin daɗin murya. A 1949, yana ɗan shekara 15, iyayensa suka sa shi a jirgin ruwa zuwa Faransa karatu, guzurinsa kilo uku na kofi, domin a lokacin bayan yaƙin duniya kofi ya yi wuya a Turai, da shi zai biya masaukinsa na farko. Kowane ɗan fatake da ke saurarena ya gane wannan lissafi, domin kakanninmu ma da goro da kanwa suka sayi hanya. A Faransa ya haɗu da ɗan garinsu Francis Bebey, wanda ya buɗe masa kunne ga kiɗan jaz. Karatu ya lalace, busa ta kama shi. Ya koma Beljiyam, ya haɗu da Joseph Kabasele na ƙungiyar African Jazz, ya bi shi Kinshasa a 1961. Ya dawo gida Duwala ya buɗe gidan kiɗa, abin bai yi albarka ba, ya sake komawa Turai hannu rabbana. Bai ɓoye wannan faɗuwa a littafin ba, shi ya sa nake ganin girmansa.

Ku saurari yadda waƙarsa mafi shahara ta samu. A 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, Dibango ya yi waƙar gasar. Faifan wancan zamani fuska biyu gare shi, sai ya cike bayan da wani kiɗa da ya sa wa suna Soul Makossa. Kwango Barazabil ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe, ta kuma ɗauki kofin, waƙar gasa ta mutu tare da burin jama'a. Bayan faifan nan da ba wanda ya kula da shi, shi ne ya ƙetara teku ya faɗa hannun masu sa faifai a New York, a 1973 ya hau lamba 35 a jerin waƙoƙin da aka fi so a Amurka. Da Michael Jackson ya ɗauki amshinsa ya sa a kundin Thriller na 1982 ba tare da izini ba, Dibango ya bi haƙƙinsa har aka sasanta aka biya shi. A 2007 amshin ya sake fitowa a waƙar Rihanna. Irin wannan ya sami André-Marie Tala, makahon mawaƙin nan ɗan Bandjoun, da James Brown ya ɗauki kiɗansa na Hot Koki, kotu kuma ta ba Tala gaskiya.

Me ya ba su ikon tsayawa gaban manyan Amurka su ce wannan namu ne? Faifai mai suna da shekara, da rajista, da takarda. Yau a ce wani ya ɗauki karin wata tsohuwa mai kiɗan ƙwarya a New Bell ya kai situdiyo a Legas ko Paris ya yi kuɗi da shi, wa zai tsaya mata, da wace shaida? Dibango ya rasu ranar 24 ga Maris 2020 a Faransa, cutar korona ta yi ajalinsa yana da shekara 86, amma ya riga ya faɗi labarinsa da bakinsa, ba wanda zai ƙara masa ko ya rage.

Shi Francis Bebey ɗin, mu ma'aikatan rediyo namu ne, domin aikin jarida na rediyo ya fara yi kafin ya shiga hukumar UNESCO, daga baya ya ajiye aikin ofis ya rungumi jita. An haife shi a Duwala a 1929, ya rasu a Paris a 2001. Labarinsa Le Fils d'Agatha Moudio, na 1967, a kan wani saurayi masunci ne a ƙauyen bakin kogin Wuri, ya kuma ci babbar kyautar adabin baƙar fatar Afirka a 1968. Amma wanda nake so mai son waƙa ya nema shi ne Musique de l'Afrique, na 1969. A ciki ya nuna cewa a wurinmu kiɗa ba abin zama a kujera a saurara ba ne kawai, yana tafe da haihuwa da aure da noma da sarauta da mutuwa, kuma kayan kiɗanmu magana suke yi, suna bin hawa da saukar harshe. Duk Bahaushen da ya taɓa jin kalangu ya kira sunan mutum da na ubansa a taron biki, har mutumin ya miƙe ya zo ya yi liƙi, ya san Bebey gaskiya ya faɗa. Abin da ya burge ni shi ne ɗan Duwala ya zauna ya rubuta wa duniya abin da mu muke gani kullum muna ɗauka ba komai ba ne.

Kada wani ya ce rubuta tarihin mawaƙi al'adar masu Faransanci ce. A Nijeriya Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah! a 2006, shekara bakwai bayan rasuwar Alhaji Mamman Shata a 1999. Littafi ne mai kauri, da Hausa tsantsa, ya bi Shata tun daga Musawa har kabarinsa a Daura, da iyayen gidansa, da makaɗansa da 'yan amshinsa, da digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi a 1988. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya yi Makaɗa da Mawaƙan Hausa, inda za ka ga makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, kowa da garinsu da ubangidansa da abin kiɗansa, ko kotso ko taushi. Na sake buɗe littattafan nan bayan na gama na Dibango, sai na ga aikin iri ɗaya ne. Wani ya ɗauki takalminsa ya je wurin tsofaffi ya yi tambaya ya rubuta. Na san littattafan Hausa ba sa zuwa Duwala da sauƙi, amma 'yan kasuwarmu da ke zuwa Kano sayayya ta Garwa da Yola, da suka saba ɗauko atamfa da turare da littattafan addini, ba zai gagare su ba su sa ɗaya ko biyu a cikin kaya in an ba su saƙo.

To, kallo fa? Fim ɗin da nake roƙon kowane mai son Kannywood ya nema shi ne Muna Moto, na Jean-Pierre Dikongué-Pipa, na 1975. Baƙi da fari ne, a ƙasar Duwala aka ɗauke shi, kuma shi ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1976. Labarin Ngando ne da Ndomé, masoya biyu da tsadar sadaki ta raba. Saurayin maraya ne, ba shi da abin biya, kawunsa mai dukiya da mata amma ba haihuwa ya biya ya aure yarinyar, alhali tana ɗauke da cikin saurayin. Hajiyoyi masu saurare, wannan ba labarin da kuka sani ba ne? Auren dole, kuɗi ya danne so, babba ya ci zalin ƙarami da sunan al'ada. Abin da marubutanmu na Kano suka daɗe suna kuka a kai, maƙwabcinmu ya yi kukansa tun shekara hamsin da suka wuce, da kiɗansa. An gyara fim ɗin a 2019, hotonsa ya fito tas. Bambancinsa da namu shi ne ba ya gaggawa, ba ya cika kunne da surutu, yakan bar ganga da ƙarar ruwa su yi maganar da baki ya kasa. Matasanmu da ke ɗaukar bidiyon waƙa da waya a lungunan New Bell za su koyi abu da yawa daga wannan haƙuri.

Akwai dalilin da ya sa tsararmu ta taso ba ta san irin waɗannan finafinai ba. A Janairun 2009 aka rufe silimar Le Wouri da ke Akwa, a daidai lokacin da aka rufe Abbia ta Yawunde da Empire ta Bafoussam. Duwala ta shekara takwas ba babban gidan silima, sai a 2017 da aka buɗe Canal Olympia a Bessengue. A wannan tsakani kallo ya koma ɗaki, daga ɗaki ya koma tafin hannu. Kowa da wayarsa, kowa da abin toshe kunnensa, ba mai juyawa ya tambayi na kusa da shi me ya gani.

Muna Moto da bikin Ngondo yake buɗewa, wannan ya kawo ni kan zancen zuwa biki. Kowace shekara a farkon Disamba al'ummar Sawa, wato Duwala da danginsu na bakin teku, suna taruwa a gaɓar Wuri. Sarakunan Bell da Akwa da Deido da Bonaberi su fito da zannuwansu, a yi kokawa, a yi rawa, sannan a yi tseren kwale-kwale, wanda a wurina shi ne zuciyar bikin. Dogon kwale-kwale cike da majiya ƙarfi, mai ba da waƙa yana tsaye a tsakiya, masu tuƙi suna amsawa, kowane bugun filafili yana faɗawa daidai kan kiɗa. In waƙa ta karkace, tuƙi ya karkace. A nan za ka ga abin da Bebey ya rubuta da idonka, za ka kuma tuna makaɗan noma na ƙasar Hausa da ke bin manoma kunya kunya ranar gayya. Gwamnatin Ahidjo ta hana Ngondo a 1981, bai dawo ba sai 1991, ka ga ke nan mutanen nan sun san zafin rasa bikinsu, shi ya sa suke riƙe da shi hannu bibbiyu.

Na san abin da wasu iyayenmu malamai za su ce, Allah ya ƙara musu lafiya. A cikin Ngondo akwai mai nutso da ke shiga ƙarƙashin kogi da tukunya ya dawo da abin da suke cewa saƙo ne daga magabatansu na ruwa. Wannan aƙidarsu ce, ba tamu ba ce, Musulmi ba ruwansa da ita, ban kuma ce kowa ya sa hannu ba. Amma tsere da kokawa da kiɗan maƙwabcin da muke zaune a ƙasarsa tun zamanin Jamus, sanin su yana cikin haƙƙin maƙwabtaka. Mutanenmu ma ai suna wurin, su ne masu suya da masu shayi da masu sayar da hula. Abin da nake fata shi ne mu je da ido da kunne, ba da tire kaɗai ba.

Ga wani abu da ya kamata ya tsaya mana a rai. A Disamban 2024, a taro guda a birnin Asunción na ƙasar Paraguwai, UNESCO ta sa Ngondo cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam, ta kuma sa hawan Sallar Kano. Shekara guda kafin nan bikin Nguon na Fumban ya shiga, bikin kamun kifi na Argungu kuwa tun 2016. Wato a zama ɗaya aka ɗaga bikin garin da muke zaune da bikin garin da kunnenmu yake. Wa ya fi Bahaushen Duwala cancantar murna biyu? Amma mu nawa ne muka taɓa tsayawa a gaɓar Wuri ranar Ngondo, muka kuma taɓa ganin hawan Daushe, ko hawan Sallar lamidon Garwa ko na Ngaundare, inda algaita da kakaki ke tashi dawakai su sheƙa a guje? Jirgin ƙasa na dare daga Yawunde zuwa Ngaundare yana nan, mukan hau shi don kasuwa da ta'aziyya. A hau shi wata Sallar don kunne ma.

A cikin gari kuma akwai Douala Music'Art Festival, wanda ya fara da sunan Douala Hip Hop Festival, akwai ranar kiɗa ta 21 ga Yuni da ake yi kowace shekara, akwai wasannin Institut français a Akwa. Ina zuwa ina jin makosa da bikutsi da mbole da waƙar matasa, ina jin daɗi, amma ina dawowa gida da tambaya: ina kalangu, ina gurmi, ina goge? Ba wai arewa ba ta taɓa hawa babban dandali a ƙasar nan ba. Marigayi Ali Baba ɗan Garwa, wanda ya rasu a 2004, ya sa Kamaru duka ta yi rawa da kiɗan arewa, Isnebo da ƙungiyar Faadah Kawtal sun kai Fulatanci nesa. Sunan unguwarmu New Bell ma ya shiga tarihin waƙa ta hannun wasu. Mawaƙi Jovi ya sa wa kamfaninsa suna New Bell Music. A gidan yarin New Bell mawaƙi Lapiro de Mbanga ya yi yawancin zaman shekara uku da aka ɗaure shi bayan tarzomar 2008 da waƙarsa a kan gyaran tsarin mulki, ya fito a 2011, ya rasu a Amurka a 2014. Ita unguwar kanta ta samo asali ne daga ƙwace filayen bakin kogi da Jamusawa suka yi wa Duwala, rikicin da ya kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914, daga baya ta zama masaukin baƙi, mu da Bamileke da Basa da sauransu. Kowa ya ba da labarin New Bell da kiɗansa. Namu kason yana nan a gidajen biki, daga kamu zuwa wuni, yana tashi da dare yana ɓacewa da asuba.

Saboda haka ga roƙona, ga samari da 'yan mata musamman, ku da wayoyinku suka fi kyamarar da aka ɗauki Muna Moto da ita ƙarfi. In an yi biki a gidanku, makaɗi ya zo, ko zabiya, ko masu mandiri a Maulidi, ku nemi izini ku ɗauka daga farko har ƙarshe, ba ɗan guntun da za a sa a WhatsApp ba. In an tashi ku zauna da shi ku gaishe shi da girmamawa, ku ce Baba, wa ya koya maka, daga wane gari iyayenka suka zo, wa ka fara yi wa waƙa a Duwala, wa ya haɗa maka wannan kalangu, da fatar me? Ku rubuta sunansa da ranar da wurin a jikin abin da kuka ɗauka, ku ba shi nasa kwafin, ku ajiye wani a wurin da ba waya ba, domin waya tana faɗawa ruwa, ɓarawo kuma yana fizge ta. Ku je wurin kakanninku mata, su ne rumbun waƙoƙin daka da na reno da na amarya, ba mai kiran su mawaƙa amma a bakinsu abin yake. Masu situdiyo a cikinmu su yi wa waƙoƙinsu rajista a SONACAM, ƙungiyar haƙƙin mallakar mawaƙa, kafin su sake su. Sarakunan unguwanninmu kuma, Allah ya ja zamaninku, yini ɗaya bayan Babbar Sallah, fili da rumfa da lasifika, a kira makaɗan New Bell da na Briqueterie ta Yawunde da na Garwa, a gayyaci sarakunan Sawa su zo su zauna su ji namu kamar yadda muke jin nasu, wannan bai fi ƙarfin aljihun 'yan kasuwarmu ba.

Duk wanda yake da tsohon kaset na bikin gidansu, ko hoton wani makaɗi na unguwa, ya kawo mana nan gidan rediyo, za mu juya shi mu mayar masa da abinsa, mu kuma sa wa jama'a su ji tare da sunan mai kiɗan. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tattauna a kan kiɗan ƙwarya na mata da marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa.